Ranar da Taubashina Ya Tashi Daga Tsakiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda Ya hukunta mutuwa a kan kowane rai, Ya keɓe dawwama ga Kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon da aka aiko da ma'aunin adalci, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, taubashina, ɗan kawuna, ya koma ga Ubangijinsa a tsakiyar bazarar bana, bayan gajeruwar jinya. Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Ya girme ni da 'yan shekaru kaɗan. Tare muka yi karatun allo, a zaure ɗaya muka ɗauki fiƙihu, sannan hanya ta raba mu. Ni na zauna ina karantar da ɗalibai. Shi kuwa jama'a suka ja shi zuwa sulhu, har ya zamana idan rigima ta tashi tsakanin mahauta da dillalan shanu, ko tsakanin magada, ko tsakanin maƙwabtan gona a fadama, kafin a ambaci alƙali sai a ce a tafi wurinsa.

A kwanakin zaman makoki na zauna kusa da babban ɗansa a ƙofar gidansa da ke Gidan Dare, ina karɓar gaisuwa, ina kallon masu zuwa. Mahauta sukan iso da hantsi bayan sun tashi daga mayanka. Dillalan Kara, kasuwar shanu, suka zo a ayari, suka jingine sandunansu a jikin bango. Masu noman rani suka zo da busasshiyar laka a duga-dugansu. Wasu ma'aikata kuma suka sauka daga keke, tun daga Arkilla, da kaya masu guga. Na lura kowa ya shafa addu'a ba ya saurin tashi, sai ya ɗan gyara zama, kamar akwai maganar da ya zo da ita.

Wani tsohon mahauci, wanda idanunsa suka yi ja don kuka, ya dubi babban ɗan mamacin ya ce:

"Ɗana, ubanka ya kā da ni gaban jama'a ba sau guda ba, amma ban taɓa kwana da haushinai ba. Ka san mi yas sa? Kafin shi kā da mutum sai ya gaya mishi ko goron wa yac ci."

Wani dillali da ke gefensa ya ce, "Ni kau wallahi alwalar nan tasa ta ka gajiyar da ni. Mu zo da maganar sa guda, shi kwashe rabin hantsi shina lissafa muna dangi!"

Aka yi dariya a tsakiyar makoki, dillalin da kansa ya yi, sannan ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Ɗaya daga cikin ma'aikatan nan ya ce a wurin aikinsu sai an tilasta wa mutum kafin ya faɗi alaƙarsa da wanda zai yi wa hukunci, shi kuwa marigayin sai an roƙe shi ya taƙaita. Da na shiga cikin gida don gaida maiɗakinsa, ta ce da ni, "Malam, yanzu wa za shi tsare ni da tambaya? Ko man shanu yag gani cikin miya sai ya ce daga gidan wa yaf fito."

Ganin haka na ce bari in rubuta abin da na sani game da shi tun ina da sauran gani. Jikokinsa za su tashi su ji ana cewa kakansu mai gaskiya ne, kuma wannan kalma ce da ake faɗa a kan kowane mamaci. Ina so su san irin gaskiyar tasa, da abin da ta ci, da wanda ta ci wa.

Abin da dillalin nan ya kira alwala, suna ne da mutanen Kara suka laƙaba wa wata al'ada tasa. Ba ya fara sauraron rigima sai ya bayyana wa ɓangarorin biyu duk abin da ke tsakaninsa da kowannensu, babba da ƙarami. Zai ce wannan mun haɗa suruki da shi, wannan ɗansa ya yi karatu a wurin taubashina mai karantar da ɗalibai, wannan ya taɓa ɗaukata a babur ranar da ruwa ya tsare ni. Ba alheri kaɗai yake faɗa ba. Na taɓa jin ya ce da wani manomi, "Kai kau kakanka ya kore ni daga gonar rake da tsumagiya ina yaro, kuma in gaya maka gaskiya, ban manta ba." Idan ya gama sai ya ce, "Wanga shi na ni. Kun yarda in zauna tsakaninku?" Sai kowane ɓangare ya amsa da bakinsa, sannan a buɗe da addu'a.

Hujjarsa ba ta da tsawo. Yakan ce alƙali hukuma ce ta naɗa shi, ko mutum yana so ko ba ya so zai tsaya gabansa. Mai sulhu kuwa ba shi da rawani sai yardar mutum biyu, kuma wanda ya yarda da abin da aka ɓoye masa, bai yarda ba tukuna.

Wata rana wani mahauci da ke da zama a gabansa ya aika da tozon sa gidansa, shi kuma ba ya nan, yara suka karɓa. Da safe sai ga shi ya zo wurin zama da tire an rufe da faifai, ya ajiye a tsakiya ya buɗe.

"Wanga tozo, abokin maganarka yak kai gidana jiya," ya ce da dillalin da ake rigimar da shi. "Ban ci ba. In na maida mishi na kunyata shi, in na ci na cuce ka. Mi kag gani?"

Dillalin ya leƙa naman ya haɗiye yawu. "Malam, a gasa mu ci gaba ɗai. Ni ma in ɗanɗani toshiyar."

Aka hura gawayi, aka gasa, aka ci, sannan aka saurari magana, kuma mahaucin ne ya faɗi. Ya tafi yana cewa bai taɓa ganin toshiyar da abokin gaba ya fi kowa cin rabo a cikinta ba. Da yamma taubashina ya taka har rumfarsa, domin wannan ma ɗabi'arsa ce: duk wanda hukunci ya faɗa a kansa, shi yake fara ziyarta, ya zauna a bencinsa a idon mutane, su yi hirar farashin dabbobi kamar babu abin da ya faru.

Ni da shi kuwa wasan taubasai bai taɓa yankewa ba. Da yake ni ɗan mace ne, bai taɓa kirana da wani suna ba sai "bawana", ko a gaban ɗalibaina. Ni kuma ina ce masa mai tona asirin kansa. Sau ɗaya tak muka yi saɓanin da wasa ya kasa ɗauka, kuma dominsa na ɗauki alƙalami.

Wani falken shanu ya rasu a unguwarsu bai bar ɗa ba. Ya bar mata ɗaya da ƙanne biyu maza. A bayan gidansa akwai wani sashe mai ƙofarsa daban da ke fita lungu: ɗaki biyu, da ɗan fili, da rijiya. Matar ta ce mijinta ya ba ta sashen kyauta tun yana da lafiya, ya miƙa mata mabuɗi, ta zaunar da tsohuwar mahaifiyarta a ciki har ta rasu, a nan take kiwon awakinta, ita ce ma ta sa aka haƙa rijiyar. Ƙannen suka ce aro ne ba kyauta ba. Sun riga sun sami mai sayen gidan, shi kuma ya ce ba ya so sai gaba ɗaya. Idan sashen ya shiga gādo, abin da zai zo hannunta ba zai riƙe mata ko ɗaki ɗaya a cikin birni ba. Ba ta da uwa, ba ta da uba, ba ta da ɗa, ba ta da wani namiji da zai tsaya mata. Wurin kwananta ne ake magana a kai.

Dukansu suka amince da taubashina. Ya yi alwalarsa kamar kullum. Ya ce ya san mamacin a Kara, shi ya yi masa salla, kuma babban ƙanen ya taɓa ba shi aron mota ranar bikin 'yarsa. Game da matar ya ce, a gaban kowa, "Wagga kau ban san ta ba, ban san danginta ba." Suka ce sun yarda.

Aka saurari shaidu. Maƙwabta suka faɗi abin da suka gani tsawon shekaru, mai haƙar rijiya ya ce ita ta kira shi, ita ta nuna masa wuri. Duk mai hankalin da ya halarci zaman ya ga inda maganar ta dosa, har su ƙannen ma sun gani. Ya ce su dawo bayan Juma'a su ji hukunci.

A lokacin mahaifiyata, wato goggonsa, tana da rai a gidana. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, amma kunnenta da tunaninta suna nan garau, kuma duk labarin da ya shiga bakin matan unguwa sai ya iso tabarmarta. Ta aika a kira mata shi. Ya zo bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ta, ina zaune a bakin ƙofa.

Ta ce, "Tsohuwar da anka ce ta zauna sashen ga har tam mutu, ba wata doguwa ba ta, mai saƙar faifai, 'yar ƙauyen da kakanku ka noma?"

Ya ce haka shaidu suka siffanta ta.

"To ita tab ba ka nono."

Ya ɗago kai. Ta ci gaba da bayani a natse, kamar mai ba da labarin jiya. Daminar da aka haife shi, iyalin suna ƙauye wurin noma, mahaifiyarsa ta yi ciwon nono mai tsanani. Maƙwabciyarsu tana goyo, sai ta haɗa shi da nata ta shayar da shi har kaka. Bayan haka aka yi shekarun fari, mutanen ƙauyen suka watse, zumunci ya yanke. Matar da ake rigimar ɗakinta daga baya aka haife ta, amma mu duka mun san hukuncin: duk wanda ya fito daga cikin tsohuwar nan, ɗan'uwansa ne na shayarwa.

"Ni nik kai ka da hannuna, safe da marece," in ji mahaifiyata.

"Goggo, wa yas san wagga magana bayan ke?"

"Duk sun mutu. Ni ɗai nir rage." Ta laluba ta kamo hannunsa. "Ni dai na gaya maka don kada ka gama shari'a ka ce za ka aure ta. Na san halin maza da zawarawa."

A wata rana daban da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ran nan bai yi ba.

Muka fito zaurena, tun kafin ya zauna na san abin da ke ransa, sai na riga shi magana. Na ce masa shayarwa ba ta tabbata da faɗar mace ɗaya, balle tsohuwar da ta ba tamanin baya. Na ce ko da ta tabbata, abin da take haramtawa aure ne. Ba ta kawo gādo, ba ta wajabta ciyarwa, ba ta hana shaida, ba ta hana hukunci. Na tuna masa darasin da muka ɗauka tare, da inda malaminmu ya tsaya ya maimaita. Yana saurare yana gyaɗa kai.

"Bawana, karatunka daidai na. Ban ƙi ko harafi guda ba."

"To me ya rage?"

"Na tsaya gaban mutane nic ce ban san danginta ba."

"Sa'ad da ka faɗa, gaskiya ka faɗa."

"Ran nan gaskiya ta. Yau hwa? In na zauna bayan Juma'a nay yi shiru, ƙarya ta ka zaune tare da ni."

Na ce ai ya gama fahimtar shari'ar tun kafin wannan labari ya zo kunnensa, saboda haka babu abin da nono zai ƙara ko ya rage. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Tun da Goggo tay yi maganar ga, in na tuna matar nan sai in ji wani abu ya motsa nan. Ban sani ba ko tausayi na, ko nono na. In ni ban sani ba, su ke da hakkin su auna."

A nan raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da ta fi kowace nauyi. Na ce, "Kana sane babban ƙanen nan ƙofa yake nema, ya ga ya kusa faɗuwa. Kana faɗa zai janye. Kai za ka koma gidanka da tsantseninka, ka kwana a ɗakinka. Wadda za ta ɗauki nauyin tsantsenin nan ba kai ba ne, ita ce."

Ya murza carbi ba tare da ya ja ba. Can ya ce, "Na sani. Shi a abin da ka cina." Ya sa takalmansa ya fita. Ran nan bai yi mini sallamar wasa ba, ni ma ban raka shi ba.

Har yau ban janye abin da na faɗa masa ta fuskar fiƙihu ba, shi ma bai taɓa cewa na yi kuskure ba. Abin da ya raba mu shi ne ni ina duban abin da ya halatta gare shi, shi kuma yana duban abin da suka yarda da shi a kansa.

Ranar zama na je, ko da yake ba al'adata ba ce. A zauren mai unguwa aka yi, da hantsi, zafi ya riga ya sauko. Ƙannen biyu suna gefe guda da mutanensu. Matar tana bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, tare da wata maƙwabciyarta, ba a ganinta sai dai a ji muryarta. Shi kuma yana tsakiya a kan buzunsa. Bayan addu'a kowa ya kasa kunne don jin hukunci, sai ya ce:

"Alwalata ta warware, sai na sake."

Ya ba da labarin yadda ya ji shi, bai ƙara ba bai rage ba. Ya faɗa musu cewa mace ɗaya ce ta faɗa, kuma malamai ba su ce wannan yana hana shi yanke hukunci ba. Ya nuna ni ya ce ga taubashinsa nan, ya ba shi fatawar ya ci gaba. "Amma ba fatawa tad ɗora ni nan ba, ku kunka ɗora ni. Ga ni yadda ni ke yau. Kun yarda in zauna tsakaninku?"

Ƙaramin ƙanen ya ce, "Haba Malam, nonon da kas sha kana jinjiri? Mu mun yarda, yanke kawai."

Babban ya daka masa tsawa. "Kai, rufe muna baki! Ashe ɗan'uwanta munka ɗora bisa kanmu. Ni dai na janye. A nemo wani."

Sai muka ji muryarta daga bayan ƙofa, ba da ƙarfi ba, amma babu wanda bai ji ba.

"Malam, shekara da shekaru ina garin ga ba ni da mai tsaya min. Ban taɓa ganin ɗan'uwa ba. Sai yau, ranar da zama ɗan'uwana za shi raba ni da ɗakina, kat tashi zama ɗan'uwana?"

Na dubi fuskarsa. Na san shi tun muna wanke allo, ban taɓa ganin magana ta shige shi kamar wannan ba. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ɗauki buzunsa daga tsakiyar zauren, ya kakkaɓe, ya kai shi gefen ƙofar da take bayanta, ya shimfiɗa ya zauna. Sannan ya fuskanci ƙannen.

"Daga yau nan a wurina. Abin da kunka gaya min a asirce ya mutu cikina, ba ni fiddo shi. Wanda za ku zaɓa kau, ba ni gaya mishi abin da nig gani cikin shari'ar ga. Amma ba ta ƙara zama ita ɗai."

Haka kuwa aka yi. Suka haɗu a kan wani malami a Gidan Dahala, mutum mai adalci, Allah Ya jiƙansa shi ma. Sai dai maganar ta ja har damina ta shiga ta fita. Kafin a sake tara shaidu mai haƙar rijiya ya rasu, ɗaya daga cikin maƙwabtan kuma ya bi fatauci kudu. Taubashina ya tsaya mata a matsayin wakili, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, na ji shi yana jayayya da zafin da ban san yana da shi ba. Ko sau ɗaya bai ce wa malamin nan ga abin da shi ya gani ba, ko da yake kalma ɗaya daga bakinsa za ta yi nauyi. A ƙarshe aka tsaya a kan sulhu: ɗakuna biyu nata ne, fili da rijiya sun shiga gādo. Aka ja bango. Ta sayar da awakinta domin babu inda za ta ɗaure su.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba don ina sonsa. Da ya yi shiru, da sashen gaba ɗaya ya zama nata. Shi ma ya san haka, bai taɓa neman wata magana da zai lulluɓe wannan da ita ba.

Abin da ya yi shi ne ya ɗauki 'yan'uwantakar da dukan nauyinta. Kowace Juma'a idan an sauko daga masallaci sai ya bi ta lungun nan. Da yake muharraminta ne, har cikin ɗaki yake shiga ya zauna. Ta amsa gaisuwa, ta kawo ruwa, ta juya masa gefe. Ya yi ta hirarsa shi kaɗai, ya tashi ya tafi, wata Juma'ar ya komo. Ya haɗa ta da mai kurar ruwa, ya ce kada randarta ta taɓa bushewa. Idan ya yanka layya, cinyar da ake kai wa 'yan'uwa mata har da ita. Da ta kwanta ciwo, maiɗakinsa ce ta yi jinyarta. An daɗe a haka, har na fara ce masa ya bar wahalar da kansa.

Wata Juma'a sai ga shi ya shigo zaurena fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Bawana, yau ƙanwata ta zage ni."

"Shi ne kake murna?"

"Ta ce rawanina kamar gammon mai tallan itace. Ai ba a gaya ma baƙo haka nan."

A ranar ne ni da shi muka koma dariyarmu ta dā.

Da aka tashi daga zaman makokinsa, aka naɗe tabarmi, sai na tuna babu wanda ya taka zuwa wurinta. Ba ta cikin magada, ba ta cikin waɗanda ake lissafawa idan ana faɗin abin da mamaci ya bari, kuma ƙafafunta sun daina kai ta ko bakin titi. Na hau keke na je. Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, labule yana tsakaninmu. Ta bayan bango ina jin masu gidan na yanzu suna jan ruwa.

Na ce, "Ashe an yi rashi. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ya huta."

Ta ce, "Amin." Sannan ta ce, "Kana jin gugan can? Rijiyata ta. Har gobe ban ce ya yi daidai ba. Na gaya mishi da bakina, yac ce ba shi neman in ce."

Sai ta ci gaba.

"Amma tun da anka ja bangon ga, ko cikin ɗiyan magadan babu wanda yat taɓa tsayawa ƙofar ga shi ce ɗakin ba nawa ba na. Ba su da bakin faɗi." Ta ƙara da cewa, "An raba ni da rijiya anka ba ni wa. Yau wan ma an karɓe."

Na yi mata addu'a, na fara haramar tashi, sai ta tsayar da ni.

"Malam, gaisuwar da kay yi min ta maƙwabta ta. Sake."

Na koma na zauna, na gyara murya, na ce, "Ya haƙurin rashin yayanki?"

Ta ce, "Da godiya." A nan ne na ji kukanta.

Ya Allah, bawanKa ɗan kawuna ya zo gare Ka. Bai ɓoye wa bayinKa kome na kansa ba a ranar da ɓoyewa ta fi masa sauƙi, Ka suturta shi a ranar da ake bayyana asirai. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka gafarta masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Ka ba iyalinsa da ƙanwarsa haƙuri, Ka shayar da ita da shi daga tafkin ManzonKa. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.